Yadda Za Ka Kula Da Tsohuwar Kwamfuta Bayan Microsoft Ya Janye Hannu Daga Windows Ɗinta

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 facin tsaro na kyauta. Windows 8.1 ya riga shi tun 10 ga Janairu 2023, Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, XP kuwa tun 8 ga Afrilu 2014. Amma duk wanda ya leƙa shagunan buga takardu da ke kewaye da babbar kasuwar Garwa, ko ɗakunan ɗalibai a Dang ta Ngaundere, ko ofisoshin 'yan kasuwa a Marwa da Injamena, ya san waɗannan manhajoji su ne ke riƙe da aikin mutane har gobe. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai kafin su sauka Duwala, wasu kuma ta Najeriya suka shigo. Maganar "sayi sabuwa" da ake gaya wa Bature ba ta kama mu ba. Abin da ya kama mu shi ne yadda za mu ci gaba da mora ba tare da mun bar dukiyarmu da takardun jama'a a buɗe ba.

Ƙarewar tallafi ba ta kashe kwamfuta. Za ta kunnu, za ta buga, za ta shiga intanet. Abin da ya tsaya shi ne facin da ake fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata don toshe ɓarakar da aka gano. Haɗarin kuwa yana ƙaruwa da lokaci, domin tsohon Windows da sabo sun yi tarayya a sassa da yawa. Duk watan da aka fitar da facin Windows 11, masu kutse suna bincika abin da aka gyara, sai su juya su nemi wannan ɓarakar a tsofaffin da ba wanda zai gyara. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama, har ya tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, alhali facinsa ya fito tun watan Maris. Mafi yawan waɗanda abin ya faɗa wa Windows 7 suke amfani da shi, facin yana nan, ba su dai saka ba.

Na taɓa jin wani mai shagon buga takardu yana ce wa mai gyara: "Malam, ai tana aiki lafiya lau, me zai sa in taɓa ta?" Mai gyaran ya ce: "Alhaji, da wacce kake shiga imel da asusun banki?" Alhajin ya nuna masa wadda ake soka wa filash ɗin kowa daga safe har dare. Wannan tambayar ita ce kan maganar gaba ɗaya. Kafin ka sauke komai, ka tantance me kwamfutar take taɓawa: kuɗi da kalmomin sirri, ko kuwa rubutu da bugawa kawai. Amsar ce za ta gaya maka wace hanya za ka bi a cikin waɗanda ke tafe.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver. Akwati zai fito da sunan Windows da lambarsa. Idan Windows 10 ne, kana son ganin 22H2, ita ce siga ta ƙarshe. Idan Windows 7 ne, kana son ganin Service Pack 1. Sake danna Windows da R ka rubuta msinfo32, ka kwafe abu uku a takarda: sunan furosesa, yawan RAM, da ko tsarin x64 ne ko x86. Facin x64 ba ya shiga x86, kuma mutane da yawa sun ƙona datarsu a banza saboda wannan. A ƙarshe duba ko Windows ɗin yana da lasisi na gaskiya, a Windows 10 za ka gani a "Paramètres", sai "Mise à jour et sécurité", sai "Activation". Na sa sunayen da Faransanci saboda haka kwamfutocin yankinmu suka fi zuwa.

Mataki na biyu: shirya ƙasa kafin ka taɓa komai

Kwafe fayilolinka zuwa wani diski na waje, sannan ka cire shi ka ajiye a aljihun tebur. Kwafin da ke maƙale da kwamfuta kullum, bairos mai kulle fayil zai kulle shi tare da na asali. Idan diskin yana da fili, ɗauki hoton tsarin gaba ɗaya. Windows 7 yana da wannan a "Panneau de configuration", ƙarƙashin "Sauvegarder et restaurer", inda aka rubuta "Créer une image système", kuma Windows 10 ma yana da shi a wuri guda. Idan faci ya rikita kwamfutar, da wannan hoton za ka mayar da ita yadda take jiya.

Direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya iya aiki da na'urori, su ma abin ajiyewa ne, musamman na tsohuwar firinta da sikana, domin kamfanoni suna cire su daga shafukansu a hankali. A Windows 8.1 da 10, ƙirƙiri folda mai suna pilotes a kan filash, ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin shugaban kwamfuta ("administrateur"), ka rubuta:

dism /online /export-driver /destination:E:\pilotes

Ka canza E zuwa harafin filash ɗinka. A Windows 7 wannan umarni ba ya aiki, sai dai ka nemo faifan direban ko ka sauke shi tun yana samuwa.

Sai maganar wuta. Ɗauke wuta a tsakiyar saka faci yana iya hana Windows tashi kwata-kwata. Idan ta tebur ce, kada ka fara sai da onduleur, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, mai batir lafiyayye. Idan ta cinya ce, ka tabbata batirinta yana riƙe caji aƙalla awa guda. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, tsohuwar kwamfuta mai cike da ƙurar hunturu tana kashe kanta idan aiki ya yi mata nauyi, saka faci kuwa aiki ne mai nauyi. Buɗe ta ka busa ƙurar da ke fanka, ka yi aikin da dare ko da asuba. Idan layinka yana da forfe na dare, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke wahalar da mutane fiye da kima: batirin agogo. A cikin yawancin kwamfutoci akwai batir zagayayye kamar kwabo, lambarsa galibi CR2032, shi ke riƙe kwanan wata idan an kashe ta. Idan ya mutu, kwamfutar takan tashi tana ganin ana shekarar da aka ƙera ta. Daga nan burauza za ta ƙi buɗe shafuka tana cewa haɗin ba amintacce ba ne, Windows Update ya yi ta ba da kuskure, mai ita ya ɗauka bairos ne ya kai ta a goge masa komai. Dubi kwanan watan da ke kusurwar allo. Idan yana komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, sayi batirin wajen masu gyaran agogo ko waya ka canza, sannan ka ci gaba.

Idan Windows 10 ne

Fara da duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11, domin hawan kyauta ne ga mai lasisin gaskiya. Sharuɗɗan su ne RAM giga 4, diski giga 64, UEFI mai Secure Boot, guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama. A wajen Intel lambar farko bayan layi ita ke nuna zubin: i5-8250U na takwas ne, i5-6300U na shida ne. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta gaya maka abin da ya hana. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, kashe shi kawai aka yi a BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ya tashi, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Kunna shi ka sake gwadawa.

Idan furosesan ne bai kai ba, masu gyara za su ce maka manhajar Rufus tana iya tsallake sharuɗɗan, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai ka shiga da ido buɗe. Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin faci ga irin wannan kwamfutar ba. Kowace sigar shekara ta Windows 11 Home da Pro wata 24 take samun tallafi, kuma kwamfutar da aka tsallake da ita ba ta saba hawa siga ta gaba da kanta ba, sai ka sake yi da hannu. Daga sigar 24H2 kuma tsofaffin furosesa irin Core 2 Duo ba sa ma tashi da shi. A ganina wannan hanya ta dace da wanda ya iya gyara da kansa, mai furosesa na zubi na shida ko na bakwai da RAM giga 8. Wanda sai ya biya mai gyara kowace shekara, gara ya duba wata.

Hanyar da Microsoft ya buɗe da kansa ita ce shirin ESU, wato ƙarin wa'adin facin tsaro. Ga masu kwamfutar gida, wa'adin da aka sanar a 2025 shi ne 13 ga Oktoba 2026. Ga yadda ake shiga. Tabbatar kana kan 22H2, ka saka duk facin da ke jira har Windows Update ya ce babu saura. Idan ka taɓa sa haɗinka a kan "Connexion limitée" don tattalin data, cire shi na ɗan lokaci, shi ke hana faci sauka a kwamfutoci da yawa ba tare da masu su sun sani ba. Shiga da asusun Microsoft a matsayin shugaban kwamfuta, ka koma shafin Windows Update, za ka ga wurin rajista. Zaɓi uku ne: ka yarda a ajiye saitunanka a asusun Microsoft ka samu kyauta, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka biya dala 30. Rajista guda tana ɗaukar kwamfuta har goma a kan asusu ɗaya. Na farkon shi ya fi mana sauƙi, tunda ba ya buƙatar katin banki. Abin lura kawai, OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, na kyauta giga 5 ne, saboda haka kashe aika foldar hotuna da ta takardu, in ba haka ba zai cika kuma ya sha maka data. Kamfanoni da ƙungiyoyi nasu shirin daban ne, na kuɗi, shekara uku har Oktoban 2028, kuma farashin yana ninkawa kowace shekara.

Mai shago da ke da kwamfutoci uku ko huɗu a kan rauta ɗaya ya kunna "Optimisation de la distribution", ya zaɓi kwamfutocin da ke kan haɗin gida kaɗai. Ɗaya za ta sauke facin, sauran su karɓa daga wajenta.

ESU lokaci ne aka ara maka. Ka yi amfani da shi wajen tara kuɗin wata kwamfutar ko wajen koyon Linux, wani tsarin da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows.

Idan Windows 7 ne

A nan babu sabon faci. Ko kamfanonin da suka biya kuɗi, nasu ya ƙare a Janairun 2023. Abin da ya rage shi ne ka kai kwamfutar matsayin ƙarshe da aka bar ta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin Windows 7 da ke shagunanmu daga tsohon faifai aka ɗora su aka kashe sabuntawa tun ranar farko. Irin wannan tana ɗauke da ɓarakar shekara tara, har da ta WannaCry da ta BlueKeep da aka toshe a Mayun 2019.

Kada ka dogara da maɓallin Windows Update, yakan yi ta juyawa awa da awanni. A wata kwamfuta mai lafiya, shiga shafin catalog.update.microsoft.com, ka nemi waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya, ka zaɓi na Windows 7 daidai da x64 ko x86 ɗinka, ka zuba a filash mai tsabta. Tsarin shigarwa yana da muhimmanci ƙwarai.

Idan babu Service Pack 1, shi ne farko, KB976932. Sai KB4490628, wanda ke gyara injin saka facin kansa. Sai KB4474419, wanda ke koya wa Windows 7 karanta sa hannun SHA-2. Tun 2019 Microsoft da wannan sa hannun kaɗai yake rufe facinsa, don haka idan babu shi duk facin da aka fitar daga lokacin zai ƙi shiga. Sake kunna kwamfutar. Sai KB3125574, babban ƙunshin da ya tattara facin da aka fitar daga Service Pack 1 zuwa Afrilun 2016, girmansa ya kusa mega 500 a x64. Sake kunnawa, ka yi haƙuri, wannan yakan ɗauki lokaci kuma lambar da ke allo takan tsaya cik kamar ta maƙale. Kada ka kashe. Sai KB4536952, sannan na ƙarshe KB4534310, ƙunshin Janairun 2020.

Cire wayar intanet ko ka kashe Wi-Fi kafin ka danna kowanne, in ba haka ba zai tsaya a kan "Recherche de mises à jour sur cet ordinateur" ya ƙi motsi. Ajiye filash ɗin nan da kyau. Sau ɗaya za ka sauke, ka gyara kwamfutar shago da ta gida da ta maƙwabci da shi.

Windows 8.1 ya fi sauƙi, Windows Update ɗinsa yana kawo abin da ya rage har zuwa Janairun 2023. Hawa kyauta daga 7 ko 8.1 zuwa 10 kuwa an rufe shi a Satumbar 2023. Amma idan kwamfutar ta taɓa hawa Windows 10 a hannun mai ita na farko, lasisin yana nan a rajiste da ita, da ka ɗora irin sigar da ta saba, Home ko Pro, ka haɗa da intanet, zai kunnu da kansa. Yana da kyau a gwada.

XP da Vista sun daina iya magana da Windows Update tun Agustan 2020. Akwai aikin sa-kai mai suna Legacy Update da ke maido musu hanyar sauke tsofaffin facinsu. Yi amfani da shi sau ɗaya, sannan ka raba kwamfutar da intanet har abada. XP yana da amfani idan shi kaɗai ke tuƙa wata na'ura, kamar injin yanka sitika ko tsohuwar na'urar gwaji a ɗakin shan magani. Aikinsa ya tsaya nan.

Burauza da Office

Yawancin sharri ta burauza da ta takardun da aka turo yake shigowa, saboda haka sabunta su ya kusa kai sabunta Windows muhimmanci. A Windows 10, Microsoft ya ce burauzar Edge da bayanan Defender, manhajar Windows mai farautar bairos, za su ci gaba da sabuntuwa aƙalla har Oktoban 2028. A Windows 7 da 8.1 labarin ya sha bamban: Chrome da Edge sun tsaya a siga ta 109 tun farkon 2023. Mutum zai ga Chrome ɗinsa yana buɗe Facebook ya ɗauka lafiya, alhali shekaru ke nan ba a taɓa shi ba. Firefox 115 ESR ita ce ta ƙarshe da ta dace da su, kuma Mozilla ta sha ƙara mata wa'adi. Ita za ka saka, ka ɗora mata uBlock Origin don toshe tallace-tallacen da ke jan mutum zuwa shafukan damfara, kuma ka riƙa duba shafin Mozilla don sanin ranar da za ta tsaya. Internet Explorer kuwa cire alamarsa daga gaban allo, kada yaro ya danna.

Office 2010 ya ƙare a Oktoban 2020, na 2013 a Afrilun 2023, na 2016 da 2019 rana ɗaya da Windows 10. Idan dole da su za ka yi aiki, bar "Mode protégé" a kunne, kuma duk takardar da ta ce ka danna "Activer le contenu" kafin ka ga abin da ke ciki, rufe ta. Takardar neman aiki ko rasit ba ta da abin yi da wannan.

Rage ƙofofin shiga

Tunda faci ya tsaya, abin da ya rage shi ne rage wuraren da za a taɓa kwamfutar. Ƙirƙiri asusu na biyu mai matsayin "Standard", da shi za a riƙa aikin yau da kullum, asusun shugaba kuma a sa masa kalmar sirrin da yaran shago ba su sani ba. Bairos da yawa ba sa iya kafa kansu idan ba su sami ikon shugaba ba. Wannan mataki kyauta ne, minti biyar ne, kuma shi aka fi tsallakewa.

Bar katangar Windows, wato "Pare-feu", a kunne. Danna Windows da R ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga "Utilisation à distance", ka hana haɗi daga nesa, ta nan BlueKeep ke shiga. Kashe raba fayil idan ba ka amfani da shi. A Windows 10 shiga "Activer ou désactiver des fonctionnalités Windows" ka cire alamar SMB 1.0, tsohuwar hanyar da WannaCry ya bi. Masu shago su lura: wasu tsofaffin injinan fotokwafi da wannan hanyar suke aika sikan zuwa folda, idan ka kashe sikan zai daina zuwa. Mafita ita ce a riƙa yin sikan zuwa filash ɗin shago kai tsaye.

Filash shi ne babbar matsalarmu. Ɗalibi zai kawo nasa a buga masa takarda, ka soka, ka ga duk foldojinsa sun koma alamomi masu 'yar kibiya a kusurwa, girman kowanne kilobait ɗaya ko biyu. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, alamar kuwa tarko ce: da ka danna, za ta buɗe maka foldar kamar gaske, a bayan fage kuma ta dasa bairos ɗin a kwamfutarka, daga nan duk filash ɗin da ya biyo baya ya kamu. Kada ka danna ko ɗaya. Buɗe cmd ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin gaskiya za su bayyana. Goge alamomin, ka goge duk baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js ko .lnk. Don ka iya ganin waɗannan ƙarshen, shiga zaɓin folda ka cire alamar da ke kan "Masquer les extensions des fichiers dont le type est connu". Kashe "Exécution automatique" kuma a "Panneau de configuration".

Abin da za a tallata maka

Akwai 0patch, na wani kamfanin tsaro a ƙasar Sulobeniya, wanda ke rubuta ƙananan faci ga ɓaraka masu haɗari a Windows 7 da 10, kuma ya ce zai riƙe Windows 10 har 2030 aƙalla. Kuɗinsa kusan yuro 25 ne a shekara ga kwamfuta ɗaya, wato sefa dubu goma sha shida da 'yan kai, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ba ya toshe komai da komai, amma ga ofishin da manhajar lissafinsa ta ƙi aiki a ko'ina sai Windows 7, kuɗin ya halatta.

Za kuma ka ji sunan LTSC, sigar Windows 10 ta kamfanoni da injina, wadda wani nau'inta ke da tallafi har Janairun 2032. Gaskiya ne akwai ta, amma ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane lasisinta a shago. Wadda ake zuba wa mutane a kasuwa, tare da irin su Windows "allégé" da aka ce an rage masa nauyi, wani ne da ba ka sani ba ya buɗe ta ya cire abin da ya ga dama ya ƙara abin da ya ga dama. Abin da aka fi cirewa kuwa Windows Update ne da Defender, su ɗin da kake nema. Ni ba zan shiga imel ɗina a kan irinta ba, kuma ba zan so ɗan'uwana ya shiga ba. Idan nauyi ne matsalar, canza diskin zuwa SSD, nau'in diski mai sauri, ka ƙara RAM. Kwamfutar shekara goma takan dawo da ƙuruciyarta da waɗannan biyun.

Linux, ga kwamfutar da ke taɓa kuɗi

Idan da kwamfutar ake shiga banki, imel, rajistar jarrabawa ko takardun haraji, kuma ba za ta ɗauki Windows 11 ba, hanyar da ke ba da faci na gaskiya na shekaru ita ce Linux. Kyauta ne kuma halal ne, ba a fasa komai. Linux Mint 22 yana da tallafi har 2029, yana tashi da RAM giga 2 ko da yake giga 4 ya fi daɗi, kuma nau'insa na Xfce ya fi dacewa da raunanan kwamfutoci. Yana zuwa da Faransanci cikakke da allon rubutu na AZERTY, akwai ma tsarin rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ a cikin saitunansa. Sai dai x64 kaɗai yake ɗauka. Ga x86 a duba antiX. Akwai kuma Emmabuntüs, wanda aka gina a Faransa musamman don kwamfutocin da aka farfaɗo da su, yana zuwa da manhajoji da yawa a ciki, abin da ke rage sauke-sauke.

Sauke fayil ɗin daga shafin masu shi, kusan giga 3 ne na Mint, ka rubuta shi a filash na giga 8 da Rufus. Kunna kwamfutar daga filash ɗin, a Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP kuma F9. Linux zai tashi ba tare da ya taɓa diskinka ba. A nan za ka yi gwajinka a tsanake: Wi-Fi, sauti, kyamara, sannan firinta. Firinta ce ke yanke hukunci. Yawancin na HP suna aiki, wasunsu bayan an ƙara ɗan direba. Canon LBP 2900 da ta cika shagunanmu kuwa tana ba da wuya a Linux, kada ka goge Windows sai ka ga takarda ta fito da idonka.

Sai takardu. LibreOffice, madadin Office da ke zuwa tare da Mint, yana buɗe fayilolin Word da Excel, amma rubutun kammala karatu mai shafi ɗari da tebura yakan ɗan goce idan haruffan ba iri ɗaya ba ne. Saka ƙunshin ttf-mscorefonts-installer don samun Times New Roman da Arial, ka ƙara Carlito wanda faɗinsa daidai yake da Calibri. Abin da za a kai bugu, mayar da shi PDF tukuna. Bayan ka ɗora Mint, kunna Timeshift ya riƙa ɗaukar hoton tsarin, sannan duk lokacin da alamar garkuwa da ke ƙasan allo ta nuna akwai sabuntawa, ka danna. Wannan dannawa guda tana sabunta tsarin da burauza da LibreOffice gaba ɗaya.

Ga shagon da ba zai iya rabuwa da Word da CorelDRAW da tsohuwar firintarsa ba, tsarin da na fi ba da shawara shi ne raba aiki tsakanin kwamfuta biyu. Ta farko, ko da mai rauni ce, a sa mata Linux, ita ke da intanet, ita ke karɓar filash ɗin abokan ciniki da takardun da aka turo ta WhatsApp ko imel. Bairos ɗin alamomin nan na Windows ne, ba ya tashi a kanta, kuma a can za ka ga fayilolin da ya ɓoye a fili, ka goge nasa ka ɗauki takardar da ake so kaɗai. Ta biyu ta zauna da Windows ɗinta da aka kai ga facin ƙarshe, ba waya ba Wi-Fi, tana haɗe da firinta. Tsakaninsu filash guda na shago, a ɗaura masa zare ko a shafa masa fenti don kada ya cakuɗe da na mutane, a riƙa goge shi kowace yamma kafin a rufe.